Hannun Mai Wankan Jego

A Mararaba, in mace ta haihu kuma uwarta tana can nesa, ba a tsayawa wata shawara, Hajiya Yelwa ake aika wa. Ita ce mai wankan jego. Ta wanke matan direbobi, ta wanke matan mahauta, har matar wani fasto ɗan Kafanchan ta wanke, wadda har gobe take aiko mata da doya duk Kirsimeti. Tafin hannunta ya daɗe da daina jin zafi. Sai ta tsoma ganyen darbejiya cikin ruwan da yanzu aka sauke daga wuta, ta fyaɗa wa mai jego a baya, mai jego tana ihu tana kiran uwarta, ita kuwa tana cewa, "Yi mana shiru, malama. Da kike can kina murmushi da mijinki kin kira ni?" Jariri kuwa, komai ƙanƙantarsa, komai santsin sabulu, da hannu ɗaya take ɗaga shi.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Hajiya Yelwa ba ta taɓa wanke nata ba. 'Yarta ɗaya ce a duniya, Nazeefa, kuma 'yar fari ce. Yelwa mutuniyar Funtua ce mai tarbiyyar da, lokacin da ake jin kunyar ɗan fari da gaske. Kakar yarinyar ce ta yi mata wanka tana jaririya, da aka yaye ta aka miƙa wa gwaggonta, ba ta dawo hannun uwarta ba sai da ta isa shiga sakandare. Har yau Yelwa ba ta faɗin sunanta, sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Ba ta taɓa rungumarta a gaban mutane ba, a bayan idonsu ma sabo ya hana. Amma jika ba a jin kunyarsa, kuma wankan jego haƙƙin uwa ne, kwana arba'in safe da yamma, babu mai ce maka don me ka taɓa 'yarka. Wannan arba'in ɗin take jira. Nazeefa ta yi karatu, ta sami aiki a wata ma'aikatar tarayya, ta auri wani injiniya mai sanyin hali da ake kira Uthman, suka tare a Gwarinpa, sai haihuwa ta ƙi zuwa. Shekaru suka yi ta wucewa, Yelwa tana wanke 'ya'yan mutane tana komawa ɗakinta.

Ciwon ne ya riga jikan zuwa. Wata safiya ta tashi gwiwarta ta kumbura kamar ƙwarya, ta yi zafi rau, ko zani ya taɓa ta sai ta yi ƙara. Ta gasa, ta shafa man zafi, ta sha jiƙe-jiƙe. Bayan ɗan lokaci ya tafi da kansa, ta ce maganinta ne ya ci. Da ya dawo, ya sake dawowa, Nazeefa ta ɗauke ta dole zuwa asibiti. Likitan ya soka allura a gwiwar ya zuƙo wani ruwa gurɓatacce, aka duba, aka ɗauki hoton ƙashi, sannan ya zaunar da su.

"Hajiya, sunan ciwon nan pseudogout," in ji shi. "Wani irin gishiri ne yake taruwa a cikin gaɓoɓi, kamar rairayi. Yana nan kwance ba kya jin komai. Ran da ya motsa ya zubo cikin gaɓar, shi ne kumburin nan da zafin nan. Ba nama ba ne ya jawo, ba wani abin da kika ci ba ne. Shekaru ne. Yau gwiwa ce, gobe yana iya kama wuyan hannu."

"To a cire rairayin mana."

"Babu maganin da ke cire shi tukuna. Sai dai mu rage masa yawan tashi, in ya tashi kuma mu kwantar da shi."

Ya hana ta magungunan ciwon jiki na kemis saboda tana da olsa. Ya rubuta mata wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum, ko tana ciwo ko ba ta yi. Ya ce in ya tashi ta huta da gaɓar, ta naɗe ƙanƙara a tawul ta ɗora, ta zo asibiti da wuri. Nan ne Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. "Ɗan nan, sanyin ƙashi ke damuna, kai kuma ka ce in ƙara masa ƙanƙara?" Ita da ta yi rayuwarta tana korar sanyi daga jikin mata da tafasasshen ruwa, ba yaron da aka haifa jiya ne zai koya mata ba. Ƙwayar dai ta sha, don ta ga amfaninta. Aibinta ɗaya, tana tsinka mata ciki. A gidanta na Mararaba wannan ba komai ba ne, ita kaɗai ce da bayan gidanta.

Ana nan sai Allah ya ba Nazeefa ciki. Ran da Uthman ya bugo waya ya ce an sauka lafiya, namiji, Yelwa ba ta iya ko guɗa ba. Zama ta yi a bakin gado tana kuka, kukan farin ciki wanda ya daɗe a maƙale. Ta so a kawo mata mai jegon gida kamar yadda aka saba a haihuwar fari, amma Uthman ya ce Mararaba ta yi nisa da asibitinsu, in wani abu ya taso cunkoson motocin hanyar Nyanya kaɗai ya isa. Ba ta ja ba. Ta ɗaure babbar tukunyarta da kanwa da gero da damin darbejiya, ta shiga mota.

Gidan nasu a hawa na biyu yake, mai kyau, sai dai wanda ya zana shi bai san surukuta ba. Ɗakin da aka sauke ta ba shi da bayan gida. Na baƙi yana can a gefen falo, ƙofarsa tana kallon kujerar da Uthman yake zama, kuma Uthman ya ɗauki hutu, wuni yake a falon yana karɓar abokansa 'yan barka. Ranar farko cikinta ya murɗa, ta ratsa ta gabansu da buta, kanta a ƙasa. Suka miƙe suna gaishe ta. Ta shiga, ta san suna jin komai, har ƙarar ruwan da ta saki. Ba a jima ba ya sake murɗawa. Da ta fito karo na uku, Uthman ya ce cikin ladabi, "Mama, ko ba kya jin daɗi ne?" Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Washegari ta tura kwalin ƙwayar can ƙasan jakarta. Arba'in ne kawai, ta ce wa ranta, in ta koma gida ta ci gaba. Ba ta gaya wa kowa ba.

Kwanakin da suka biyo ba ta taɓa yin irinsu ba. Da asuba ta ɗora tukunya a kan gas, tana mita cewa wutar 'yan boko ba ta da albarka kamar ta icce. Ta kinkimi ruwan da kanta zuwa banɗakin mai jego. Nazeefa ta zauna a 'yar kujera ta juya mata baya, Yelwa ta ga bayan 'yarta, ta ga wani ɗan tabo a kafaɗa da ba ta san ranar da aka same shi ba. Ta fyaɗa ganye, Nazeefa ta kurma ihu.

"Mama, wallahi it's too hot! Za ki dafa ni!"

"Ke, rufa mana baki. Digirinki ba ya korar sanyi."

Tana gasa mata ciki da tawul, tana danna mata kafaɗu, tana jan wankan fiye da yadda take ja wa kowa, don ba ta son ya ƙare. Bayan nan sai jaririn, wanda ubansa ya riga ya raɗa masa suna Ameer. Ta miƙe ƙafafu a kan baho ta kwantar da shi a cinyarta, tana cuɗa shi tana tsokanarsa. "Kai, maigidan nan, ka zo hannu rabbana, ko kuɗin cefane babu, sai kuka. Ni dai an cuce ni da wannan miji." Nazeefa tana bakin ƙofa tana dariya tana ɗaukarsu a waya.

Ana jibi suna ta farka da wuyan hannunta na dama ya yi tsami. Kafin ta idar da salla ya fara ɗaukar zafi, ya kumbura har awarwaronta ya nutse cikin fata. Ta san shi. Ta zauna tana kallon hannun. In ta faɗa, asibiti za a kai ta, a ɗaure hannun a ce ta huta, a nemo wata ta karɓi wankan. Wanzami dai ba ya son jarfa. Firjin gidan cike yake da ƙanƙara, ta wuce shi ta ɗora tukunyarta, da ruwan ya yi zafi ta tsoma hannun har gwiwar hannu, ta cije leɓe, ta bar shi ya daɗe. Da ta fito da shi ya ƙara tashi, ya yi jawur, yana bugawa kamar da zuciya a cikinsa. Ta ja hannun rigarta ta rufe, ta ce wa kanta zafin ne yake aiki.

Wankan Nazeefa da hagu ta yi shi, ruwan ma a ƙananan bokitai ta yi ta jigilarsa.

"Mama, yau ba ki da ƙarfi."

"Da kina cewa zan dafa ki, yau kuma ƙarfi kike nema?"

Aka miƙo mata Ameer. Ta kwantar da shi a cinya, ta sa masa sabulu da hagu, komai yana tafiya daidai. Saura ɗauraya. Nan ne hannun da ya saba ya riga tunaninta. Ta zura dama a ƙarƙashin ƙirjinsa ta ɗaga shi sama da bahon, kamar yadda ta ɗaga 'ya'yan mutane ba adadi, hagu kuma ta kai wa kofi. Wani abu ya soke ta a wuyan hannun kamar an kafa ƙusa, yatsunta suka buɗe da kansu. Yaron ya sulluɓe. Goshinsa ya bugi bakin bahon, ya faɗa ruwan da fuska.

Ba ta san lokacin da Nazeefa ta tsallako ba. Ta tsamo shi, ta kifa shi a hannunta tana bubbuga bayansa. Ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya yi tari, ruwa ya fito masa ta hanci, ya tsala kuka.

"Mama! Kashe min shi za ki yi? Shekara nawa ina jiransa!"

Uthman ya faɗo banɗakin ba ko sallama. Yelwa tana zaune a ƙasa cikin ruwan sabulu, zaninta ya jiƙe, hannun rigarta ya zame, hannun yana kwance a cinyarta kowa yana ganinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nazeefa ta dubi hannun, ta dubi uwarta.

"Tun yaushe?"

"Yau da asuba."

"Kina shan maganinki?"

Ta yaya Yelwa za ta faɗi dalilin, ga surukinta a tsaye?

Mota ɗaya ta kai su asibiti. Aka duba Ameer, aka ce babu komai sai ɗan kumburin goshi, a dai sa masa ido. Ita kuma aka zuƙe ruwan wuyan hannun, aka yi mata allura a cikin gaɓar, aka ɗaure shi da wani abu mai tauri. Da Nazeefa ta fita, Yelwa ta gaya wa likitan maganar cikinta a hankali. Ya girgiza kai. "Hajiya, da kin faɗa ai sai mu rage miki, ko mu duba wata hanyar. Abu ne mai sauƙi." Wannan kalmar ta fi allurar zafi. Ta tambaye shi ko in ta koma shan ƙwayar shi ke nan, ba zai sake tashi ba. Ya ce zai ragu sosai, amma ba zai yi mata alkawari ba. Ta tambaye shi ko yana ba da sanarwa kafin ya zo. Ya ce wani lokaci, wani lokaci kuma a'a.

Babu wanda ya yi mata faɗa. Da ma sun yi, da ta sami abin riƙewa. Nazeefa ta durƙusa a gabanta tana kuka tana neman gafarar abin da bakinta ya furta, Yelwa ta ce ba komai, ai gaskiya ce. Uthman ya kwashe kujerarsa da baƙinsa ya koma ƙasa gindin bishiya, Yelwa ta gane cewa likita ya yi magana da 'yarta, 'yarta ta yi da mijinta, kunyar da ta guje wa ta same ta har gida. Da yamma shi da kansa ya aiko mata da ƙanƙara a naɗe cikin tawul. Ta ɗora. Zafin ya lafa, hakan ma ya ƙara ɓata mata rai.

Washegari aka kawo wata nas mai zuwa gida, sunanta Perpetual, 'yar Filato, mai fara'a da saurin hannu. Ta zo da bahonta na roba mai wurin kwantar da jariri, tana gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. "Mama, sannu fa. Ka huta kawai, ni zan wanke shi. Hannunka zai warke, no wahala." Ba ta da laifin komai, kuma ta iya aikinta, Yelwa ta duba ta duba ba ta sami abin kushewa ba. Wankan ganye kuwa ya tsaya, don Perpetual ba ta san shi ba, Nazeefa ta koma wanka da ruwan hita ita kaɗai, ta rufe ƙofa. Tukunyar aka wanke aka kife a baranda, darbejiyar ta bushe mai shara ya kwashe.

Ranar suna aka zaunar da Hajiya a kujera mai laushi, hannu a rataye a wuya. Matan Mararaba sun cika mota sun zo, waɗanda ta wanke da 'ya'yan da ta wanke, suna ta "Hajiya, yau naki ne, yau naki ne." Jaririn yana yawo daga hannu zuwa hannu da 'yar hularsa da aka ja ta rufe goshi. Da ya iso kusa da ita sai aka tsallake ta, don ai hannunta ba lafiya. Ta yi ta murmushi har kumatunta suka gaji.

Abin takaicin ciwon nan shi ne yana tafiya kamar bai taɓa zuwa ba. Kafin mako biyu kumburin ya saɓe, aka kwance ɗaurin, hannun ya koma hannunta. Tana shan ƙwayar yadda aka rage mata. Ta dama kunun kanwa, ta matse wanki, har turmi ta ɗaga don a gani. An gani, an ce masha Allah. In ta ce a ba ta maigidanta, ana ba ta, amma sai ta zauna a tsakiyar gado, a jera mata matasai dama da hagu, Nazeefa kuma ta zauna kusa tana hira, hannunta ɗaya a shimfiɗe a ƙarƙashin yaron kamar mantuwa ta yi. Yelwa tana ganin hannun. Sai ta kau da kai. Tsokanar ma ta daina, don duk sanda ta buɗe baki sai idonta ya sauka a goshinsa, inda babu ko alama yanzu. Kowace safiya kafin ta sauko daga gado sai ta murza wuyan hannunta, ta lanƙwasa gwiwa, tana sauraren jikinta kamar mai jiran ɓarawo. Tana jin ƙarar ruwa daga banɗaki da muryar Perpetual tana yi wa yaron waƙa, tana ƙirga kwanakinta suna ƙarewa a hannun wata.

Ranar arba'in ta haɗa kayanta tun da safe, don da la'asar direba zai mayar da ita Mararaba. Tana zaune a bakin gado Nazeefa ta shigo da Ameer tsirara cikin tawul.

"Mama, na ce wa Perpetual ta bari. Na haɗa ruwa. Yau ke za ki yi masa, na ƙarshe ne."

Yelwa ta ɗaga kai. Idon 'yarta ya yi ja, da gani ta sha fama da kanta kafin ta shigo, wataƙila da mijinta ma.

"Ba zan tsaya a kanki ba. Zan fita falo. Karɓe shi, Mama."

Ta miƙo shi, babu matashi, babu hannu a ƙasa. Yaron ya yi ɓulɓul, ya yi nauyi, yana wutsil-wutsil da ƙafafu yana kallon fanka. Yelwa ta goge tafinta a zani ta ɗaga hannuwa biyu. Babu inda ke mata ciwo, ko kaɗan. Ta tsaya tana lalube a cikin wuyan hannun, ko akwai wani ɗan tsami, ko wani ɗan ɗumi, ba ta ji komai ba. Amma ran nan ma da ta kwanta barci ba ta ji komai ba. Ta tuna santsin sabulu, da nauyin da yaron ya ƙara, da bakin baho. Hannuwan suka tsaya a iska, ba su kai gare shi ba.

"Mama?"

Ta mayar da su cinyarta ta danne ɗaya da ɗaya.

"Ruwan zai huce," in ji ta, ba ta dubi kowa ba. "Kira Perpetual."